Boren Warso na 1794: Kwana biyu na artabu da takardun da jakadan Rasha ya bari

Da asubahin Alhamis, 17 ga Afrilun 1794, saura kwana uku a yi bikin Ista, mutanen Warso suka farka da rugugin igwa da ƙararrawar majami'u. Kafin hantsi ya dubi ludayi, dogaran sarkin Polan sun bar shi a fadarsa sun nufi rumbun makaman birnin da ke titin Dluga. Aka buɗe ƙofofin rumbun, aka shiga miƙa bindiga da takobi ga duk wanda ya miƙo hannu, dukawa da mahauta da teloli da yaran shaguna. Washegari Juma'a, Janar Osip Igelstrom, wanda shi ne jakadan Rasha kuma kwamandan dakarunta a ƙasar, ya sha da ƙyar tare da 'yan ɗaruruwan sojoji.

Rasha tana da sojoji kusan 8,000 a birnin a wannan rana, na Polan kuwa ba su wuce 3,000 da ɗoriya ba. Wannan kaɗai ya isa a ba da labarin. Sai dai abin da ya fi girgiza Warso ya zo ne bayan an daina harbi, sa'ad da aka shiga ofishin jakadan aka tarar da takardun da bai samu sukunin ƙonawa ba. A cikinsu akwai sunayen manyan ƙasar da adadin kuɗin da kowannensu yake karɓa daga hannun baƙo.

Ƙasar da ake juyawa daga ofishin jakada

Tarayyar Polan da Lituwaniya, wadda aka ƙulla a birnin Lublin a 1569, ta taɓa kasancewa cikin manyan ƙasashen Turai wajen faɗi. Tsarinta ya sha bamban da na maƙwabta. Zaɓen sarki ake yi, ba gado ba, kuma ainihin iko yana hannun majalisa mai suna Sejm, wadda masu sarauta da manyan masu gonaki suka mallake. A cikin wannan majalisa akwai wata ƙa'ida mai ban mamaki: ɗan majalisa guda ya isa ya tashi ya ce bai yarda ba, nan take zaman ya watse, duk dokokin da aka zartar a cikinsa kuma su bi ruwa. An kafa ƙa'idar ne don kada sarki ya danne kowa. Da tafiya ta yi nisa, sai ta zama hanya mafi araha ga duk wata ƙasar waje da ke son ta ɗaure Polan hannu da ƙafa, tunda mutum ɗaya kawai za ta saya.

Rasha ce ta fi kowa gane wannan. A 1764 sarauniyarta Katarina ta Biyu ta sa aka zaɓi Stanislaw August Poniatowski, tsohon masoyinta, ya hau gadon sarauta, sojojinta na jibge kusa da filin zaɓen. Daga nan jakadan Rasha ya zama mai faɗa-a-ji a Warso. A 1772 Rasha da Purushiya da Ostiriya suka yanki kason farko na ƙasar, aka kuma sa majalisa ta amince da yankan.

Bai kamata a ɗauka cewa duk manyan Polan sun miƙa wuya ba. A ranar 3 ga Mayun 1791, yayin da hankalin Rasha ya karkata ga yaƙi da Daular Usmaniyya, masu neman gyara, da goyon bayan sarkin kansa, suka zartar da rubutaccen kundin tsarin mulki, wanda ake lissafawa a matsayin irinsa na farko a Turai. Kundin ya soke waccan ƙa'ida ta mutum ɗaya, ya mayar da sarauta ta gado, ya kuma buɗe wa mazauna birane ƙofar wasu muƙamai. Shekara guda kacal ya yi yana aiki. Wasu attajiran masu sarauta uku, Szczesny Potocki da Ksawery Branicki da Seweryn Rzewuski, suka tafi Saint Petersburg suka roƙi Katarina ta turo soja ta dawo musu da tsohon tsari. Ƙawancen da suka kafa ya ɗauki sunan garin Targowica, kuma har yau wannan suna zagi ne a siyasar Polan, ma'anarsa cin amanar ƙasa. Sojojin Rasha suka shigo a watan Mayun 1792. Ana cikin yaƙin, a watan Yuli, sarkin ya karaya ya koma ɓangaren Targowica, ya ba sojojinsa umarnin ajiye makamai.

Waɗanda suka gayyato Rasha sun zaci za ta miƙa musu ƙasar dunƙule. A 1793 ta ɗebe wa kanta fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 250,000, Purushiya kuma ta ɗauki kusan 58,000, har da biranen Gdansk da Torun.

Yadda aka halasta wannan rabo na biyu ya cancanci a tsaya a kansa. An kira majalisa a Grodno, nesa da Warso da hayaniyarta, aka kewaye zauren da sojoji da igwogi. A daren 23 ga Satumbar 1793 aka kawo yarjejeniyar miƙa ƙasa ga Purushiya. 'Yan majalisar, waɗanda aka riga aka kama wasu daga cikinsu, suka ƙudurta ba za su ce uffan ba. Aka zauna tsit sa'o'i da dama, wani janar na Rasha na zaune a cikin zauren. Can cikin dare ɗan majalisa Jozef Ankwicz ya kawo mafita, ya ce ai shiru ma amincewa ce. Shugaban zaman ya yi tambaya, ba wanda ya amsa, aka rubuta cewa majalisa ta amince. Mai karatu ya riƙe sunan Ankwicz, domin zai sake fitowa.

Umarnin rage sojoji

Abin da ya kunna wutar boren takardar ofis ce. A watan Fabrairun 1794, bisa matsin Igelstrom, gwamnatin Warso ta ba da umarnin rage sojojin ƙasar zuwa kimanin 15,000, ana kuma jan waɗanda aka sallama su shiga rundunar Rasha. Ƙungiyoyin asiri da suka daɗe suna shirin tawaye suka ga cewa idan suka ƙara jira, ba za su sami sojan da za su tayar ba. A ranar 12 ga Maris, Birgediya Antoni Madalinski ya ƙi rusa rundunarsa ta mahaya dawaki a Ostroleka, ya kama hanyar kudu da ita zuwa Krakow.

A can, ranar 24 ga Maris, Tadeusz Kosciuszko ya tsaya a dandalin kasuwar birnin ya yi rantsuwar jagorantar tawayen. Injiniyan soja ne da ya yi suna a yaƙin neman 'yancin Amurka, inda ya tsara ganuwar West Point. Ranar 4 ga Afrilu ya kara da dakarun Rasha a Raclawice ya yi galaba, kuma waɗanda suka ƙwace igwogin abokan gaba a ranar talakawan ƙauye ne riƙe da dogayen laujuna da aka miƙar da bakinsu kamar mashi. Ta fuskar soja nasarar ba ta taka kara ta karya ba, domin ko hanyar Warso ba ta buɗe masa ba. Amma da labarinta ya iso babban birnin, sai ya zama ba a maganar komai a kasuwa da bariki sai ita.

Igelstrom ya san ana ƙulla wani abu. Ya sa aka kama wasu daga cikin masu shirin, yana kuma neman hanyar karɓe rumbun makamai da kwance ɗamarar sojojin Polan da ke birnin. Jita-jita ta bazu cewa ranar Asabar, jajibirin Ista, za a rufe mutane a cikin majami'u a yi kame. Ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba, ta sa masu shirin suka tsayar da ranar Alhamis.

Cikin waɗanda suka yi aikin tattaro fararen hula akwai Jan Kilinski, baduku mai ɗinkin takalma wanda sana'arsa ta kai shi ga kujera a majalisar birni. Ta hannunsa da ire-irensa maganar ta shiga ƙungiyoyin masu sana'a, inda kowane maigida ke da almajirai da yaran shago da ke jin maganarsa. Shi Kilinski ya rubuta tarihin rayuwarsa daga baya, kuma masana sun daɗe da lura cewa bai rage wa kansa komai ba a cikin labarin. Duk da haka ba a musun cewa shigar mutanen gari ce ta hana Rashawa sakat.

Titi-titi, gida-gida

Harin farko ya fito ne daga dogaran sarki mahaya dawaki, waɗanda suka afka wa wani sansanin Rashawa kusa da Lambun Saxon tun gari bai waye ba. Kuskuren Igelstrom shi ne ya warwatsa sojojinsa unguwa-unguwa, shi kuma yana zaune a ofishinsa na titin Miodowa, a tsakiyar tsohon gari mai lunguna. Da gari ya rikice, duk ɗan saƙon da ya aika sai a tare shi a hanya. Kowace bataliya ta tsaya tana jiran umarnin da ba zai iso ba, ana yi mata ruwan harsashi daga tagogi da saman soraye.

Faɗa mafi zafi na ranar farko ya auku a kan babban titin Krakowskie Przedmiescie, gaban Cocin Gicciye Mai Tsarki. Runduna ta goma ta sojojin ƙasa, ƙarƙashin Kanar Filip Hauman, ta taso daga barikinta na Ujazdow a kudancin birnin, ta yi karo da Rashawan da suka tare hanya da igwogi, ta kuma tarwatsa su bayan sa'o'i ana gwabzawa. Wani kwamandan Rasha, Janar Nowicki, wanda ke riƙe da dubban sojoji, ya fice da su bayan gari. Yunƙurin da ya yi na komawa ya ceto maigidansa bai yi nisa ba, ya juya ya bar shi. Da Igelstrom ya ga an kewaye shi ta ko'ina, ranar Juma'a ya fasa ta arewa ya isa wajen sojojin Purushiya da ke gefen birnin. Ragowar mutanensa da suka maƙale a ofishin suka miƙa wuya ranar Asabar.

Akwai wani ɓangare na labarin da littattafan Polan suka fi wucewa da sauri, na Rasha kuma suke nanatawa. A wannan shekara Istar ɗariƙun biyu ta faɗo rana ɗaya, saboda haka wata bataliyar Rasha tana cikin majami'a ba makami a hannu lokacin da boren ya tashi, aka kuma karkashe da yawa daga cikinta. An yi ta farautar sojojin da suka ɓuya a gidaje. Rashawan da suka mutu a kwanakin biyu sun haura 2,000, ban da waɗanda aka kama. Marubutan Rasha suna kiran abin da ya faru "ibadar asubahin Warso", kuma sojojinsu ba su manta ba.

Vilnius a dare ɗaya

Kwana biyar bayan tashin Warso, Vilnius, babban birnin ɓangaren Lituwaniya, ya bi sahu, amma ta wata hanya dabam. A nan aikin na soja ne tsantsa, kuma Kanar Jakub Jasinski, injiniya kuma mawaƙi mai sha'awar juyin juya halin Faransa, ya tsara shi daki-daki. Cikin daren 22 wayewar 23 ga Afrilu, mutanensa da ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba suka afka wa masu gadi da gidajen hafsoshi a lokaci guda. Kafin gari ya waye an kama kwamandan Rasha, Janar Nikolai Arsenyev, da sojoji kusan 1,000, jinin da aka zubar kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da na Warso. Ranar 24 ga wata aka shelanta tawayen Lituwaniya a dandalin majalisar birnin.

Washegari aka rataye Szymon Kossakowski a wannan dandali. Shi ne babban hafsan sojojin Lituwaniya, muƙamin da ya samu da ƙarfin Rasha, bayan ya yi wa rundunarta aiki a matsayin janar. Kotu ta zauna, ta yanke hukunci, aka zartar, duk cikin ƙanƙanin lokaci.

A rundunar Lituwaniya da ta shiga tawayen har da mahayan Tatar, Musulmin da kakanninsu suka zauna a ƙasar tun ɗaruruwan shekaru kafin nan. Ɗaya daga cikinsu, Jozef Bielak, ya kai muƙamin janar, ya rasu a shekarar tawayen.

Abin da ke cikin akwatunan jakada

A Warso, sabuwar hukumar wucin-gadi ƙarƙashin magajin gari Ignacy Zakrzewski ta kafa kwamiti don ya bi takardun da aka samu a ofishin jakadancin, waɗanda suka faro tun daga 1763. Mutanen Polan suna da kalma ta musamman ga irin wannan kuɗi, jurgielt, wadda ta samo asali daga Jamusanci, ma'anarta kuɗin shekara. Albashi ne na yau da kullum da wata ƙasa ke biyan jami'in wata ƙasa. Kuma da yake ma'aikatan jakadancin su ma sai sun yi wa Saint Petersburg bayanin yadda suka kashe kuɗi, sun adana rasiɗai da sa hannun masu karɓa. Ministoci da bishof-bishof da hafsoshi da 'yan majalisa duk sun bayyana a ciki, sunan sarkin ma bai tsira ba.

Kowa ya daɗe da sanin ana karɓa, amma zargi daban, takarda mai sa hannu daban. Da labarin rataye Kossakowski ya iso daga Vilnius, mutanen Warso suka fara tambayar me ake jira da nasu fursunonin. Ranar 8 ga Mayu jita-jita ta tashi cewa sarki ya gudu, gari ya hargitse, da dare aka kafa gumagumai na rataya. Washegari kotu ta zauna cikin gaggawa, jama'a na cike da dandali, ta yanke wa mutum huɗu hukuncin kisa: Piotr Ozarowski, babban hafsan sojojin Polan, Jozef Zabiello, hafsan Lituwaniya, Bishof Jozef Kossakowski, ɗan'uwan wanda aka rataye a Vilnius, da Jozef Ankwicz, mai fatawar shiru a Grodno, wanda a lokacin shi ke shugabantar majalisar zartarwa ta dindindin. An rataye uku a dandalin kasuwar tsohon gari, bishof ɗin kuma a gaban Cocin Saint Anne, duk da ƙorafin wakilin Paparoma.

Waɗannan ko ba komai sun ga alƙali, ko da shari'ar ta sa'o'i ce. Na 28 ga Yuni ba su samu ko wannan ba. Bayan labarin shan kashi a Szczekociny da faɗuwar Krakow a hannun Purushiya, taron jama'a ya fasa gidajen kurkuku ya fito da fursunoni ya rataye su a titi, ciki har da Ignacy Massalski, bishof ɗin Vilnius. A cikin waɗanda aka kashe ranar har da jami'in da laifinsa kawai shi ne ya ƙi sakin fursunonin da aka ba shi amana. Kosciuszko ya yi tir da abin, ya sa aka kama masu hannu a ciki, aka rataye wasunsu. Tun da farko ma ya ɗauke Jasinski daga shugabancin dakarun Lituwaniya, saboda ana ganin zafinsa ya yi yawa.

Ana iya fahimtar damuwarsa. Yana bukatar talakawa su cika masa runduna, shi ya sa ranar 7 ga Mayu ya fitar da sanarwar Polaniec da ta ba manoma 'yancin barin gonar ubangida ta kuma rage musu kwanakin aikin tilas. Yana kuma bukatar masu gonakin su ba da hatsi da dawaki da kuɗi, su kuwa da dama suka yi biris da sanarwar. Baitulmali babu komai, har ta kai a wannan shekara aka buga takardun kuɗi na farko a tarihin Polan. Kowane mataki da ya ɗauka don faranta wa ɓangare ɗaya sai ya tsorata ɗayan.

Su kuwa ainihin waɗanda suka gayyato Rasha, hannu bai kai gare su ba. Potocki da Branicki da Rzewuski suna can nesa da Warso. A ƙarshen Satumba kotu ta yanke musu hukuncin kisa a bayan idonsu, aka rataye hotunansu. Dukkansu sun yi shekaru bayan haka, suka mutu a kan gadajensu.

Praga

Warso ta jure ƙawanyar sojojin Purushiya da Rasha daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba, mutanen gari na haƙa ramukan tsaro tare da soja, har tawayen da ya ɓarke a yankunan da Purushiya ta mamaye ya tilasta mata janyewa. Vilnius kuwa ta faɗi tun 12 ga Agusta. Sai Katarina ta turo Janar Aleksandr Suvorov. Kosciuszko ya fita don ya hana rundunonin Rasha biyu haɗewa, aka ci shi da yaƙi a Maciejowice ranar 10 ga Oktoba, aka kama shi da raunuka.

Ranar 4 ga Nuwamba Suvorov ya afka wa Praga, unguwar Warso da ke gabashin kogin Vistula. Cikin sa'o'i kaɗan tsaron ya rushe, gadar da ke haɗa unguwar da birnin ta yanke, aka shiga kisan duk wanda aka tarar, soja da farar hula, mata da yara. Dubbai ne suka mutu, wasu ƙididdigar suna kai adadin 20,000. Marubutan Rasha da dama sun bayyana shi a matsayin ramuwar abin da ya faru a watan Afrilu. Jasinski yana cikin waɗanda suka faɗi a bakin ganuwa, haka ma mafi yawan mayaƙan rundunar Yahudawa ta Berek Joselewicz. Warso ta miƙa wuya bayan kwanaki kaɗan, Suvorov kuma ya samu ƙarin girma zuwa fil mashal.

A watan Oktoban 1795 ƙasashen uku suka raba abin da ya rage. Warso ta faɗa hannun Purushiya, Vilnius ta zama ta Rasha, sarkin ya yi murabus a Grodno ranar 25 ga Nuwamba, ya rasu a Saint Petersburg a 1798. Sai a 1918, bayan shekara 123, Polan da Lituwaniya suka sake bayyana a taswira, kowacce da gwamnatinta.

Kilinski, wanda Kosciuszko ya naɗa kanar, ya yi zaman kurkuku a Saint Petersburg har zuwa 1796, lokacin da sabon sarkin Rasha, Paul na Ɗaya, ya sake shi tare da Kosciuszko. Ya rasu a Warso a 1819. Mutum-mutuminsa, takobi a ɗage, yana tsaye a titin Podwale, 'yan taku daga inda ofishin jakadan yake. Su ma Rashawa ba su bar birnin hannu rabbana ba bayan sun karɓe shi: sun kwashe kundayen gwamnatin Polan da Laburaren Zaluski mai littattafai kusan 400,000 zuwa Saint Petersburg, inda littattafan suka zama harsashin babban laburaren daular da aka kafa a 1795.